Neman Kakanni a Tsofaffin Rajistocin Romaniya: Shagala ko Kimiyya?

A daren 31 ga Maris, 1919, mutanen birnin Bukares suka kwanta barci, gari na wayewa sai ga su a ranar 14 ga Afrilu. Ba barcin Ashabul Kahafi suka yi ba. Gwamnatin Romaniya ce ta bar tsohuwar kalandar Juliyas ta koma ga ta Girigori, wadda yawancin ƙasashen Turai suka daɗe suna bi, kwana 13 suka faɗi daga lissafi a dare guda. Majami'ar Otodoks ta ƙasar kuwa ba ta gyara tata kalandar ba sai a 1924. Wannan ya sa mutumin da ya tashi a yau yana neman ranar haihuwar kakan kakansa a wani ƙauye na ƙasar yana iya cin karo da ranaku biyu a takardu biyu, tsakaninsu kwana 12 ko 13, alhali kuwa babu ta ƙarya a cikinsu.

Masu irin wannan nema suna da yawa, kuma ba a Romaniya kaɗai suke ba. Akwai jikokin manoman da suka bar yankunan Tiransilbaniya da Banat a farkon ƙarni na 20 suka tafi aikin masana'antu a biranen Amurka irin su Cleveland da Detroit. Akwai zuriyar waɗanda suka bar Bukobina suka kama noma a filayen Kanada. Akwai Yahudawa a Isra'ila da Amurka, da Jamusawan da kakanninsu suka yi ƙarnuka a ƙasar kafin su kwashe su koma Jamus, musamman a 1990. Akwai kuma dubban yaran da aka ɗauka riƙo zuwa ƙasashen waje bayan faɗuwar Nikolai Caushesku a ƙarshen 1989, waɗanda yanzu sun zama magidanta suna tambayar wa ya haife su.

Sau da yawa akan raina wannan aiki. Wasu na ganinsa shagala ce ta 'yan fansho da suka rasa abin yi, wasu kuma na cewa tun da an sami gwajin sinadarin gado na DNA, ai ɓata lokaci ne mutum ya je yana shaƙar ƙurar tsofaffin littattafai. Duka ra'ayoyin biyu kuskure ne. Bin salsala ta hanyar rajista bincike ne na kimiyya sosai, mai tambaya da hasashe da gwaji da yiwuwar kuskure, kuma da wuya a sami fagen da ya fi Romaniya nuna haka a fili. Abin da ke rataye da shi ma ba ƙarami ba ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1991 ta buɗe wa waɗanda aka raba da ƙasar ba da son ransu ba, da zuriyarsu har zuwa tattaɓa-kunne, ƙofar neman a mayar musu da haƙƙinsu. Tun da Romaniya ta shiga Tarayyar Turai a 2007, layi guda a shafin wani littafi na 1930 yana iya zama fasfo ga matashin da ke zaune a Jamhuriyar Moldoba ko Yukren, kuskuren harafi ɗaya a wannan layi kuma yana iya tsayar da maganarsa tsawon lokaci.

Wane ƙauye, a hannun wace daula?

Sabon shiga a wannan fage yakan fara da sunan iyali, ya yi ta bin duk wani mai suna irin nasa. Wanda ya goge kuwa ƙauye yake fara tambaya, sa'an nan ya tambayi wace daula ce ke mulkin ƙauyen a shekarar da ake magana. Dalili shi ne Romaniya ta yau gamayyar yankuna ce waɗanda suka yi zamani a hannun masu mulki daban-daban, kowanne da irin tasa dokar rubuta haihuwa da aure da mutuwa.

A Walakiya da Moldabiya, watau yankuna biyun da suka daɗe suna biyan haraji ga Daular Usmaniyya, ba a wajabta ajiye rajista ba sai da aka kafa sabon tsarin mulki a 1831 da 1832, lokacin da sojojin Rasha ke riƙe da su. Tsarin ya ɗora wa limaman majami'u rubuta kowace haihuwa da aure da mutuwa. Bayan yankunan biyu sun haɗe a 1859 ƙarƙashin Alexandru Ioan Cuza, sai aka kawo dokar zamantakewa wadda aka tsara bisa ta Faransa, ta fara aiki ranar 1 ga Disamba, 1865, ta karɓe aikin daga hannun liman ta damƙa wa ofishin magajin gari. Ma'anar wannan ga mai bincike ita ce, idan kakanninsa talakawa ne daga waɗannan yankuna, hanyarsa shimfiɗaɗɗiya ce har zuwa 1865, mai gargada ce zuwa 1832, daga nan kuma sai daji: jerin masu biyan haraji, da takardun gonaki, da kundayen gidajen ibada, waɗanda galibi sunan maigida kawai suke kawowa.

Tiransilbaniya da Banat, waɗanda ke ƙarƙashin sarakunan Ostiriya, kuma daga 1867 suke ɓangaren Hangari na daular, labarinsu daban ne. A can gwamnati ba ta buɗe tata rajistar ba sai ranar 1 ga Oktoba, 1895. Kafin nan kowace ɗarika ke riƙe da littafinta, ɗarikun kuwa suna da yawa: Katolika, da Lutaran ta Jamusawa, da Kalbin da Yunitariyan waɗanda yawancin mabiyansu 'yan Hangari ne, da Otodoks, da Katolika mai bin tsarin ibadar Gabas, wadda ta samu wajen 1700 sa'ad da wani ɓangare na limaman Otodoks ya yi mubaya'a ga Fafaroma. Ga kuma littattafan jama'ar Yahudawa. A gari ɗaya ana iya samun littattafai uku ko huɗu na shekara guda. Wanda ya duba na Otodoks bai ga kakansa ba, ya yanke cewa ba a garin aka haife shi ba, ya yi gaggawa, domin mai yiwuwa sunan na kwance a littafin majami'ar da ke tsallaken titi. Na Katolika da na Lutaran su ne mafi tsufa, wasu sun kai ƙarni na 17. Na Otodoks kuwa yawancinsu daga ƙarshen ƙarni na 18 suka faro.

Bukobina ta faɗa hannun Ostiriya a 1775. Basarabiya ta koma hannun Rasha a 1812, sannu a hankali Rashanci ya mamaye littattafanta. Dobroja, mai Turkawa da Tatar Musulmi, tana cikin Daular Usmaniyya har 1878. A 1918 Basarabiya da Bukobina da Tiransilbaniya suka haɗe da Romaniya, a 1940 kuma Tarayyar Sobiyat ta ƙwace Basarabiya da arewacin Bukobina.

Misali ɗaya ya isa ya nuna inda wannan ke jefa mai nema. A lardin Alberta na Kanada akwai wani ƙauye mai suna Boian, wanda baƙi suka kafa a ƙarshen ƙarni na 19 suka raɗa masa sunan ƙauyensu na Bukobina. Jikan ɗayansu ya taso yana jin cewa kakansa mutumin Romaniya ne, harshen da yake yi ke nan. Takardar jirgin ruwan da ya kawo shi kuwa tana iya cewa daga Ostiriya ya fito, kuma gaskiya ta faɗa. Boian na asali a yau yana cikin Yukren, kusa da birnin da Romaniyawa ke kira Cernăuți, Jamusawa na kira Czernowitz, 'yan Yukren na kira Chernivtsi. Wanda ya aika wasiƙa Bukares yana neman littafin wannan ƙauye ya ɗauki hanyar da ba ta ɓullewa.

Haruffa da sunaye

In an dace da littafin, sai a fuskanci karatunsa. Har zuwa wajen 1860 da haruffan Sirilik ake rubuta harshen Romaniya, kuma a shekaru talatin da suka gabaci haka an yi wani rubutu na riƙon ƙwarya mai gauraya haruffan Sirilik da na Latin a cikin kalma ɗaya. Ɗalibin da ya iya boko bai iya ajami ba, aka miƙa masa wasiƙar kakansa, ya san irin wannan tsayuwa: harshen nasa ne, amma idonsa ba ya shiga. A Tiransilbaniya kuma littafi guda yana iya farawa da Latin, ya koma harshen Hangari, ya ƙare da na Romaniya, gwargwadon wanda ke da iko a shekarar. Mutum ɗaya sai ya zama Joannes a ranar baftismarsa, János a ranar aurensa, Ioan a ranar mutuwarsa, in ya yi aikin soja a riƙa kiransa Johann. Garuruwa ma haka. Cluj ita ce Kolozsvár, ita ce Klausenburg. Sibiu ita ce Nagyszeben, ita ce Hermannstadt. Brașov, wadda Jamusawa ke kira Kronstadt, ta yi shekara goma, daga 1950 zuwa 1960, tana amsa sunan Birnin Stalin.

Sunan iyali, wanda sabon shiga ya dogara da shi, shi ne mafi santsi. A tsohuwar masarautar Romaniya sai a 1895 aka yi dokar da ta tsayar da shi. Kafin nan manomi yakan amsa sunansa da na ubansa, marubuci ya haɗa su da kalmar sin, watau ɗan wane, ko kuwa a san shi da laƙabi ko sana'a. Ɗafin -escu da ake yawan gani a ƙarshen sunaye yana nuna ɗiyantaka, shi ya sa Popescu, watau ɗan liman, ya cika ƙasar ba tare da masu sunan sun haɗa jini ba. Ɗafin -eanu yakan nuna wurin da mutum ya fito. A Moldabiya akwai sunayen da ke farawa da harafin A, irin su Aioanei, masu jingina ɗa ga uwarsa. Wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya suna iya ƙarewa da sunayen iyali daban, baƙi biyu kuma su tashi da suna ɗaya.

Yi wa shaida tambayoyi

A nan ne kimiyyar take. Rajista shaida ce, kuma kowace shaida akan tambaye ta: wa ya rubuta, yaushe ya rubuta, daga bakin wa ya ji, me zai sa ya yi kuskure? Liman abin da ya gani da idonsa shi ne baftisma, don haka ranar baftisma tana da ƙarfi. Ranar haihuwa kuwa gaya masa aka yi, wani lokaci bayan kwanaki ko makonni. Shekarun amarya a littafin aure daga bakin danginta suka fito. Mafi rauni duka shi ne shekarun mamaci a littafin mutuwa, domin wanda ya fi kowa sanin amsar shi ne aka rasa, maƙwabci ko suruki ne ya kintata. Duk wanda ya ƙirga shekarun tsofaffi a irin waɗannan littattafai zai ga sun taru a kan 60 da 70 da 80, 61 da 79 kuwa sai jefi-jefi. Mutane ba sa zaɓen shekarar mutuwa. Masu ba da labari ne ke cike lissafi. Masana ƙidayar jama'a sun san wannan alama, har suna amfani da ita wajen auna yadda al'umma ta saba da lissafi a wani zamani.

Haɗari mafi girma shi ne mai bincike ya ga abin da ransa ke so. A ɗauka yana neman wani Ioan ɗan Vasile wanda aka haifa wajen 1870. Ya buɗe littafi, ga shi nan a 1868, farin ciki ya kama shi, ya rufe ya wuce. Da ya juya zuwa shafin mutuwa da ya ga wannan jariri ya rasu kafin ya cika shekara, iyayen kuma suka sake raɗa sunan ga wanda aka haifa a 1871, al'adar da ta yawaita a zamanin da mutuwar jarirai ta zama ruwan dare. Da ya ƙara dubawa ma da ya ga akwai Vasile uku a ƙauyen, kowanne da nasa Ioan. Kama da wane ba ta wane. Mai bincike na ƙwarai, in ya sami wanda yake zato, aikinsa na gaba shi ne ya nemi abin da zai rushe zatonsa: ya duba ko yaron ya mutu, ko ya auri wata daban, ko lambar gidan da aka rubuta ta dace da ta sauran 'yan'uwansa, ko iyayen baftismar su ne dai waɗanda suka tsaya wa auren iyayensa, tun da a al'adar Otodoks ta Romaniya wannan alaƙa takan bi gida daga aure zuwa haihuwa. Sai zaton ya tsallake waɗannan gwaje-gwaje ake karɓarsa, kuma ko a nan karɓa ce ta wucin gadi. Wannan shi ne daidai abin da malamin kimiyya ke fama ya cusa wa ɗalibansa a ɗakin gwaje-gwaje, sai dai a nan babu kwalba babu ma'auni.

Ƙa'ida ta biyu ita ce a tashi daga abin da aka sani zuwa abin da ba a sani ba, tsara bayan tsara, ba tare da tsallake ba. Mutane da yawa sukan fara daga wani basarake na ƙarni na 17 mai suna irin nasu, su yi ta ƙoƙarin gangarowa zuwa kansu. Ɗan lissafi kaɗan ya isa ya sanyaya wannan buri. Kowane mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, adadin na ninkawa a kowace tsara. Daga ɗalibin sakandare na yau zuwa 1832 tsara shida ce ko bakwai, watau mutum 64 ko 128 a jere ɗaya. A tsara ta 30, kimanin shekara 800 zuwa 900 baya, lissafin ya kai 1,073,741,824, alhali mutanen duniya duka a lokacin ba su kai rabin haka ba. Maganin wannan ruɗani shi ne mutum ɗaya yakan cike gurbi da yawa a bishiyar, saboda auren dangi na kusa da na nesa. A ƙauyen dutse mai gida ɗari, inda aka yi ƙarnuka ana aure a tsakanin juna, rassan bishiyar sukan fara haɗewa tun kafin littafin ya ƙare.

Amfanin littattafan ya wuce iyali ɗaya. A shekarun 1950 masanin ƙidayar jama'a na Faransa, Louis Henry, ya tsara hanyar sake gina iyalai daga rajistocin majami'u, ta yadda za a san shekarun aure, da tazarar haihuwa, da yawan jariran da ke mutuwa a zamanin da babu ƙidaya. Masana a Jami'ar Babeș-Bolyai ta Cluj sun zuba rajistocin wasu ƙauyukan Tiransilbaniya na tsakanin 1850 da 1914 a kwamfuta don irin wannan nazari. Annobar amai da gudawa ta 1873, wadda ta yi ɓarna a yankin, ana ganinta ƙuru-ƙuru a shafukan mutuwa tun kafin a buɗe littafin tarihi.

Waɗanda littafi ya yi shiru a kansu

Adalci ne a faɗi inda rajista ta gaza, domin masu yabonta sukan tsallake wannan. A Walakiya da Moldabiya an riƙe mutanen Roma a matsayin bayi ƙarnuka da dama, na gwamnati da na gidajen ibada da na manyan masu ƙasa, ba a kammala 'yanta su ba sai a 1855 a Moldabiya da 1856 a Walakiya. Jikansu da ke neman asalinsa, in ya wuce waɗannan shekaru, yakan sami kakanninsa ne a takardun ciniki da na kayan aure da na rabon gado, an jera su tare da dukiya. Ita ma wannan shaida ce, kuma ba ta halatta a kawar da kai daga gare ta.

Yahudawa kuma sun ga wata fuskar takarda. Tsarin mulkin 1866 ya hana wanda ba Kirista ba zama ɗan ƙasa, ba a ba su cikakken haƙƙin ba sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsarin mulkin 1923 ya tabbatar da shi. A farkon 1938 gwamnati ta umarci a sake tantance su, kowa ya kawo takardun da ke nuna cancantarsa cikin ɗan gajeren wa'adi, fiye da mutum 200,000 suka rasa matsayinsu na 'yan ƙasa. A watan Agusta na 1940 aka yi dokar da ta fayyace wane ne Bayahude bisa addinin iyayensa, takardar baftisma ta zama abin da rai ke iya rataya a kansa. Kwamitin da Elie Wiesel ya shugabanta, shi kansa haifaffen garin Sighet ne, ya kammala a 2004 cewa Yahudawa tsakanin 280,000 da 380,000 ne suka hallaka a yankunan da ke hannun gwamnatin Romaniya a lokacin yaƙin. Littafin da jika ke buɗewa a yau da ɗoki, irinsa ne wani ma'aikaci ya buɗe a 1941 da wata niyya. Duk mai kira a buɗe rajistoci ga kowa wajibi ne ya riƙe wannan a zuciya, ko da bai sauya ra'ayinsa ba.

To, gwajin DNA fa?

Gwajin yana da amfani, babu mai musun haka, musamman ga wanda aka ɗauka riƙo yana jariri ba shi da ko sunan ƙauye. Amma ya kamata a san iyakarsa. Mutum yana gadon rabin sinadarin daga uba, rabi daga uwa, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu daga kowane kaka. A tsara ta shida rabon kowane kaka bai wuce kashi 1 cikin 64 ba a matsakaici, in aka ƙara nisa kuma akwai kakannin da ba su bar wa jikan komai ba sam, duk da cewa kakanninsa ne na haƙiƙa. Ƙwayar gado ta Y, wadda maza kaɗai ke da ita, layin uba zalla take bi. Sinadarin mitokondiriya kuma layin uwa zalla. Cikin mutum 64, biyu ke nan aka ji labarinsu.

Sakamakon da ke cewa wane yana da kashi kaza na yankin Balkan, kashi kaza na Gabashin Turai, ƙiyasi ne da aka yi ta hanyar kwatanta shi da mutanen da kamfanin ya tara, shi ya sa yakan sauya in kamfanin ya sabunta taskarsa. Ba ya ba da suna, ba ya ba da shekara, ba ya nuna gida. Idan ya nuna cewa mutum biyu dangi ne, rajista ce za ta faɗi ta ina. Ita ma rajistar gwajin yakan kama ta, domin liman yakan rubuta mijin uwa ne a gurbin uba. Shaidu biyu ne da ba su san juna ba, kuma a kimiyya irin waɗannan ake nema.

Ina littattafan suke, wa ke iya ganinsu?

A 1948 gwamnatin Kwaminis ta haramta ɗarikar Katolika ta Gabas, haramcin da bai ɗagu ba sai bayan 1989. A farkon shekarun 1950 kuma ta umarci majami'u su miƙa tsofaffin rajistocinsu ga hukuma. Ƙwace ne, ba don son ilmi aka yi shi ba, wasu littattafan ma sun salwanta a hanya, wasu kuma limamai suka riƙe. Duk da haka sakamakonsa shi ne yawancinsu suna yau a rassan Taskar Tarihi ta Ƙasa, wadda asalinta ya koma ga 1831 a Bukares da 1832 a Iași, kuma take da reshe a kowane lardi. Littattafan da ba su cika shekara 100 ba suna ofisoshin rajista na ƙananan hukumomi.

Takarda ba ta dawwama, kuma ilmin sinadarai ya bayyana dalili. Tsohuwar tawadar Turai ana haɗa ta ne da ƙullutun itacen oak da gishirin ƙarfe da ƙaro, wannan ƙaro dai da almajiri ke zubawa a tawadarsa. Tana da tsami, da tafiyar shekaru takan ci takardar har harafi ya zama huda. Takardar da aka riƙa yi da niƙaƙƙen itace daga rabin ƙarni na 19 na biyu ita ma tana da tsami, takan yi ja ta riƙa karyewa, har ya zama littafin 1780 da aka yi da tsumma ya fi na 1880 lafiya. Ga danshi, ga ɓera, ga gobara. A tarzomar Disamba 1989 babban ɗakin karatu na Jami'ar Bukares ya ƙone, littattafai fiye da 500,000 suka tafi a 'yan kwanaki. Magabata sun san wannan haɗari, shi ya sa rajistar gwamnati ake rubuta ta kofi biyu a ajiye a wurare biyu. Ɗaukar hoton kowane shafi da sanya shi inda kowa zai iya dubawa ci gaban wannan tsohuwar hikima ce.

Saura batun wa'adi. Dokar taskar tarihi ta 1996 ta ce takardun haihuwa da aure da mutuwa ba sa buɗuwa ga masu bincike sai bayan shekara 100. Ga littafin haihuwa wannan daidai ne, domin mai sunan yana iya kasancewa da rai, abin da ya faru a 1938 da 1940 kuma ya isa hujja. Amma auna littattafan uku da mudu ɗaya bai dace ba. Jamus, wadda babu mai koya mata haɗarin rajista, tun daga 2009 ta raba wa'adin: shekara 110 ga haihuwa, 80 ga aure, 30 ga mutuwa. A Romaniya kuwa littafin mutuwa na wani gari na shekarar 1944 ba zai zo teburin mai bincike ba sai 2044. Ɗan da ya tsaya a bakin kabarin yana da shekara goma a wancan lokaci, wanda zai iya cewa wannan suna kuskure ne, ko wannan mata ƙanwar wance ce, zai cika shekara 110 a ranar da za a buɗe shafin.